Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Umar Namadi: Matasan Haɗeja Na Buƙatar Mai Tsaya Musu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa,
Malam Umar Namadi,
Gidan Gwamnati, Dutse.



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wata buƙata guda ta ƙasar Haɗeja. Na zaɓi in faɗe ta a bainar jama'a saboda akwai waɗanda nake so su ji ta tare da kai: manyan 'yan kasuwarmu, malaman manyan makarantunmu, da 'ya'yan wannan masarauta da Allah ya ɗaukaka a Kano, Abuja da Legas. Buƙatar ita ce a kafa cibiyar renon sabbin sana'o'i a Haɗeja, kuma a ɗora ta a kan aikin da ya fi kowanne amfani a irin waɗannan cibiyoyi, wato sada mai ƙaramin kamfani da mutanen da ba zai taɓa iya kai kansa gare su ba.

Ba sai na gabatar maka da wannan ƙasa ba, kai ɗan Kafin Hausa ne. Ka san abin da Kogin Haɗeja yake ba mu tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri: shinkafa da damina, alkama da rani, tattasai, albasa, kankana, ga kifin da ake bandawa ana loda shi a kwali zuwa Kudu. A tudu kuma ga riɗi da zoɓo. A farkon 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya buɗe aikin noman rani na Kwarin Haɗeja bayan an gyara shi da tallafin Bankin Duniya. A watan Nuwamba na 2023, kana kan mulki, Gwamnatin Tarayya ta zaɓi ƙasar Haɗeja don ƙaddamar da noman alkama na ƙasa baki ɗaya. Ta fuskar noma dai an yi ƙoƙari, kuma duk mai adalci zai faɗa. Damuwata tana kan abin da ke biyo bayan girbi. Shanshera ta fita a buhu, riɗi ya fita da ƙasa da tsakuwarsa, zoɓo ya nufi kasuwar Dawanau yadda aka tsinke shi. Ribar gyarawa da ɗaurewa da sayarwa ga mai saye na ƙarshe ta zama ta wasu garuruwan, mu kuma mun tashi da ladan wahala.

Ba a rasa matasan da suke son cike wannan giɓi ba. Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa suna yaye ɗalibai kowace shekara, kuma cikinsu akwai waɗanda suka daina jiran takardar ɗaukar aiki. Wani ya haɗa kuɗi da abokansa sun sayi ƙaramin injin casa da na cire tsakuwa, suna zuba shinkafa a buhu mai ɗauke da sunansu. Wata tana niƙa busasshen tattasai tana ƙullawa a leda mai kyau. Wani yana haɗa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wani kuma yana rubuta manhajar da za ta sada mai tarakta da mai gona. Na zauna da irinsu, kuma abin da nake ji daga bakinsu kusan iri ɗaya ne. Sun iya aikin. Sun halarci horaswa, wasu ma sun karɓi kayan tallafi. Inda suke tsayawa cak shi ne ranar da kaya suka haɗu aka ce sai a kai wa wa. Babban kanti a Kano zai tambaye ta lambar NAFDAC, ita kuwa ba ta san ƙofar da ake bi ba. Banki zai ce ya kawo jingina ko mai tsaya masa, shi kuwa mahaifinsa masunci ne a Guri. Mai fitar da riɗi ƙasar waje zai ce ba ya ba da kuɗin gaba ga wanda bai sani ba. Haka jarin zai narke cikin kuɗin mota da bashin da aka ba maƙwabta, bayan shekara guda a ga injin a kasuwa ana cinikinsa.

Ranka ya daɗe, a nan ne nake ganin tsarin tallafin da muka saba da shi ya gaza. Ana tara matasa, a koya musu sana'a na 'yan makonni, a yi biki, a miƙa musu keken ɗinki ko injin markaɗe ko 'yan kuɗi, kowa ya kama gabansa. Niyyar mai kyau ce, kuma wasu sun amfana. Sai dai an ba yaro kayan aiki ba a ba shi mutane ba. Hausawa sun ce sabo da maza jari, kuma duk wanda ya yi kasuwanci ya san wannan jarin ya fi na aljihu wuyar samu.

Cibiyoyin renon kamfanoni da suka yi suna a duniya, idan aka duba da kyau, wannan jarin suke rabawa. Kamfanin Paystack, wanda wasu matasa biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, suka kafa a Legas a 2015, ya samu shiga cibiyar Y Combinator ta Amurka a 2016. Kuɗin da cibiyar ke bai wa kowane kamfani a lokacin dala 120,000 ne, wanda a ma'aunin irin wannan harka ba wani abu ba ne. Abin da ya fi kuɗin shi ne zauren da aka shigar da su. Kamfanin Stripe, wanda shi ma ta wannan cibiya ya biyo, ya jagoranci zuba musu jari a 2018, sannan a 2020 ya saye Paystack a kan fiye da dala miliyan 200. A gida kuma, cibiyar CcHub da ke Yaba ta tara masu rubuta manhaja da masu jari da ƙungiyoyi a ɗaki ɗaya, daga nan BudgIT ta fito a 2011, ƙungiyar da ta sa talaka ya fara ganin kasafin kuɗin gwamnati a wayarsa. A Arewa ma an fara: CoLab a Kaduna, Startup Kano a Kano, a maƙwabta kuma CIPMEN a Yamai.

Na san za a ce wannan harkar 'yan kwamfuta ce ta Legas, ina ruwan mai bandar kifi da ita. To ai mu muka riga su. Lokacin da fatake ke kai shanu Kudu suna dawowa da goro, baƙon da ya sauka a Sabo ta Ibadan ba ya shiga kasuwa shi kaɗai. Yana da mai gida. Mai gida ne zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya faɗa masa mahaucin da ke biyan bashi da wanda ba ya biya. Idan aka ba da shanu bashi mai saye ya ƙi cikawa, mai gida ne zai bi, domin sunansa ne a kan cinikin. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari, aka buga a 1969. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda dukiya mai yawa take yawo tsakanin mutanen da ba su haɗa harshe ba, babu banki babu takardar yarjejeniya, sai amanar mutum ɗaya da kowane ɓangare ya sani. A nan kusa da mu ma, bayan layin dogo daga Kano ya kai Nguru a 1930, Malam Madori ta bunƙasa da cinikin gyaɗa, kuma yaran da suka zama attajirai a wancan zamani ta hannun iyayen gida suka tashi. Mai gida ya jarraba yaro da ɗan kaya, ya ga riƙonsa, ya gabatar da shi ga kamfani, wata rana ya sallame shi ya zama mai gidan kansa.

Wannan tsari bai mutu ba, yana nan a Dawanau da Kantin Kwari da kasuwar dabbobi ta Maigatari. Amma yana da iyaka guda biyu a yau. Ta farko, ɗan gida da ɗan aboki yake ɗauka, bai cika kai wa ga 'yar talaka mai difloma ba. Ta biyu, mai gidan da ya ƙware a cinikin riɗi a buhu ba lallai ne ya san hanyar samun shaidar inganci ko ƙa'idojin shigar da abinci Turai ba. Waɗannan ƙa'idoji kuwa ba abin wasa ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, manoma da 'yan kasuwa da ba su taɓa jin sunan dokar ba suka kwana a ciki. Abin da nake roƙo shi ne mai gida na wannan zamani, wanda ƙofarsa a buɗe take ga kowa, wanda ya san Dawanau kuma ya san ofisoshin Abuja.

Saboda haka, ranka ya daɗe, kada a fara da gini. Na faɗi wannan da ƙarfi domin na san yadda ake yi: a ware kuɗi, a ba da kwangila, a gina katafaren zaure, a jera kwamfutoci, a yanke kyalle. Gwamnatin Tarayya ta fara kafa cibiyoyin renon fasaha tun 1993 a Agege, ta Kano ta biyo baya a 1994, kuma darasin da ke cikin wannan doguwar tafiya shi ne rumfa da wutar lantarki kaɗai ba sa mayar da mai sana'a ɗan kasuwa. Ɗakuna kaɗan a harabar Kwalejin Binyaminu Usman sun isa a fara. Kuɗin da za a zuba a bulo a zuba shi a kan mutumin da zai riƙe wurin. A nemo wanda ya taɓa saye ya sayar, ya taɓa faɗuwa ya tashi, wanda idan ya buga waya Dawanau za a ɗauka. Kada a mayar da kujerar wurin ajiye ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi, kada kuma ta zama ladan wahalar zaɓe. A biya shi da kyau, a ba shi wa'adi, a kuma sallame shi idan bai kawo komai ba.

Aikinsa na farko shi ne kawo masu saye Haɗeja. Alkama tana isa girbi wajen Maris da Afrilu, riɗi da zoɓo da shinkafar damina kuma da kaka. A kowane ɗayan waɗannan lokuta a shirya zama, ba taron jawabai ba, inda wakilan kamfanonin fulawa, masu manyan injinan shinkafa, masu fitar da kaya waje da masu manyan kantuna za su zauna da matasan nan fuska da fuska. Kowane yaro ya zo da samfurin kayansa. Mai saye ya duba, ya faɗi aibin da ya gani: danshi ya yi yawa, tsakuwa ba ta fita ba, ledar ba ta da kauri, kifin ya sha hayaƙi fiye da kima. Wannan gyaran na minti goma daga bakin wanda zai biya kuɗi ya fi horaswar wata guda amfani. Wanda kayansa suka yi, a rubuta yarjejeniyar gwaji a wurin, cibiya ta sa hannu a matsayin shaida. Hukumar InvestJigawa ta riga ta san yawancin waɗannan kamfanoni, tunda ita ke zawarcinsu su zo jihar. Abin da ya rage shi ne duk wanda aka ba fili ko sauƙin haraji a Jigawa a sa masa sharaɗin ya zauna da ƙananan 'yan kasuwarmu, ya kuma sayi wani kaso daga hannunsu idan sun cika ƙa'ida.

Na biyu, hukumomi su riƙa zuwa da kansu. Rana ɗaya a wata jami'an NAFDAC, SON, CAC, SMEDAN, Bankin Masana'antu da hukumar bunƙasa fitar da kaya waje su zauna a cibiyar. Yarinyar da ke Birniwa ba za ta iya zaryar Dutse da Kano a kan takarda ɗaya ba. A kuma samar da ɗakin sarrafa abinci guda mai tsafta wanda hukuma ta duba ta amince da shi, masu ƙaramin ƙarfi su riƙa aiki a ciki bi da bi, maimakon a ce kowa sai ya gina nasa.

Akwai kuma ilimin da ke kwance a cibiyoyin bincike wanda bai iso bakin kogi ba. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin alkama, ta Badeggi shinkafa, ta New Bussa kifin ruwan daɗi, ga cibiyar binciken adana amfanin gona mai reshe a Kano wadda ta ƙera murhun bandar kifi na zamani, ga kuma Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Wa zai haɗa maƙerin Haɗeja da injiniyan da ya zana wannan murhu, don a riƙa ƙera shi a nan a kan kuɗin da masunci zai iya biya? Ko mu ɗauki kacalla. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sauya, wannan ciyawa ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. A bakin Kogin Senegal, a Muritaniya da Senegal, irin wannan ciyawa ce suke sarrafawa su yi gawayin girki. Matashin Kirikasamma da zai so gwada wannan ba shi da hanyar sanin waɗanda suka yi, balle ya tambaye su inda suka yi tuntuɓe. Wasiƙa ɗaya daga cibiya mai hatimin gwamnatin jiha za ta iya buɗe masa wannan ƙofa.

Sai maganar bashi, wadda ka fi ni sani a matsayinka na akanta kuma tsohon kwamishinan kuɗi. Ba na roƙon a raba kuɗi kyauta, mun ga inda hakan ke ƙarewa. Ina roƙon a ajiye wani asusu da zai tsaya wa yaron da cibiya ta yi shekara tana lura da shi, ta ga littafin cinikinsa, ta ga takardar odar da mai saye ya ba shi. Da wannan shaida banki ya ba da bashi, asusun ya ɗauki wani kaso na asara idan ta faru. A tanadi hanyar da babu ruwa a ciki, domin da yawa daga mutanenmu gara su haƙura da jari da su karɓi bashi mai ruwa, kuma yanzu akwai bankunan da ke aiki a kan wannan tsari. A kuma tuna da ambaliya. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi mana a 2020 da 2022 ya san cewa a wannan kwari ɗan kasuwa na iya yin komai daidai, dare ɗaya ya tashi ba shi da komai. Duk yarjejeniyar da za a rubuta ta yi tanadin irin wannan shekara.

Wani zai ce ai wannan duk sunan "wa ka sani" ne aka gyara masa riga. Na yarda sanayya ce, amma a duba wanda ke da ita yanzu. Ɗan mai kuɗi da ɗan babban ma'aikaci an haife su da lambobin wayar da suke buƙata. Wanda ba shi da kowa shi ne ɗan masunci da 'yar mai gumi. Cibiyar da nake magana za ta zama adalci ne kawai idan hanyar shigarta a fili take: a yi shela a rediyo da masallatai a ƙananan hukumomi 8 na masarautar, a zaɓi mutane a kan abin da suka riga suka fara da hannunsu, masu zaɓen kuma su kasance 'yan kasuwa da malamai, ba shugabannin jam'iyya ba. Ranar da aka fara raba gurabe ta hannun kansiloli, ranar manyan masu saye za su daina zuwa, domin sun san abin da za su tarar. Mata kuwa a yi musu tanadi na musamman. Su ne ke turara shinkafa, su ke gyaran zoɓo, su ke matsar man gyaɗa, amma ba su ke zama a majalisar da ake ƙulla ciniki ba. A ware musu ranarsu, a kawo musu manyan 'yan kasuwa mata daga Kano, a kuma yarda ƙungiyar adashi ta shiga a matsayin kamfani guda.

Ba gwamnati kaɗai za ta ɗauki wannan kaya ba. Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ke kan karaga tun 2002, yana da abin da babu ofishin da ke da shi: idan ya gayyaci ɗan masarauta, zai amsa. A roƙi Mai Martaba ya zama uban cibiyar, ya kira attajiranmu da ƙwararrunmu da ke waje lokacin da suka zo gida hawan salla, kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya riƙa bibiyar al'amarinsu. Ga kuma Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, hukumar da dokar sabbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta ɗora wa aikin yi musu rajista da ba su shaidar da ke buɗe ƙofar sauƙin haraji da masu zuba jari. Matasanmu masu manhaja ya kamata a ce suna sahun farko na masu cin gajiyar wannan doka, kuma cibiya ce za ta riƙe hannunsu su cika sharuɗɗanta.

Idan an kafa, ina roƙon kada a auna ta da yawan waɗanda aka horas. Wannan lissafi ne mai sauƙin cikawa. A ƙarshen kowace shekara shugaban cibiyar ya fito gaban jama'a ya faɗi kamfani nawa suka samu mai saye na dindindin, nawa suka samu lambar NAFDAC, bashi nawa aka karɓa nawa aka biya, mutum nawa suke ɗaukar albashi a wurinsu, da kuma nawa suka rufe da dalilin rufewarsu. Wasu za su faɗi, babu makawa, kuma wanda ya faɗi da gaskiya a bar masa ƙofa ya sake gwadawa.

Ranka ya daɗe, abin da nake nema bai kai kuɗin kilomita kaɗan na kwalta ba. Ina roƙonka ka sa shi a kasafin kuɗi mai zuwa, ka ba InvestJigawa da Kwalejin Binyaminu Usman umarnin su zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, manoma da masunta na Haɗeja su fitar da tsari, a naɗa shugaban cibiyar kafin a shuka alkama, domin zaman farko da masu saye ya zo daidai da girbinta. Idan ya yi kyau a nan, sai a kai shi Gumel, Kazaure, Ringim da Dutse.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya ba Jihar Jigawa zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Masarautar Haɗeja.